Jakar LiveU LU300S a ranar babban labari: inda take fita kunya da inda take gazawa

A watan Afrilun 2019, a birnin Las Vegas na Amurka, an miƙa lambar yabo ta Emmy ta ɓangaren fasaha da injiniyanci ga kamfanoni huɗu a kan aiki iri ɗaya: LiveU, TVU Networks, Dejero da Aviwest. Abin da aka yaba musu shi ne dabarar ɗaure layukan wayar salula da yawa su zama hanya ɗaya mai faɗi, wadda hoton talabijin zai bi kai-tsaye daga inda abu ke faruwa zuwa tasha. Kafin zuwan wannan dabara, gidan talabijin ɗin da ke son kawo labari kai-tsaye galibi sai ya tayar da mota mai faifan tauraron ɗan'adam a kanta, da janareta, da injiniya, sannan ya sayi lokaci a tauraron, ana lissafa masa minti-minti. Yau mai ɗaukar hoto ɗaya yana goya jakar da ke ɗauke da na'urar yin wannan aiki a bayansa, ya hau babur ya shiga lungu.

Masu kallo sukan ji an ce tasha kaza ta ci kyautar kawo labari da ɗumi-ɗuminsa, a Emmy ta ɓangaren labarai ko a kyaututtukan aikin jarida na ƙungiyar harkar talabijin ta RTS a Birtaniya, sai hankali ya tafi kan wakilin da ya tsaya gaban kyamara. Ya cancanci yabon. Amma alƙalan da ke kallon waɗannan rahotanni ba za su ga jarumtar wakili ba idan hotonsa ya daskare a tsakiyar jimla, ko muryarsa ta riƙa yankewa. Saboda haka nake ganin ya dace a yi wa ɗaya daga cikin waɗannan jakunkuna duban tsanaki, kuma na zaɓi LU300S domin ita ce ƙaramar tasha za ta fi iya tunkara, ba babbar yayarta LU800 ba.

Kamfanin LiveU an kafa shi ne a 2006 a Isra'ila, yana kuma da babban ofis a jihar New Jersey ta Amurka. Na faɗi wannan tun da wuri domin akwai tasoshin da asalin kaya ke shiga lissafinsu, kuma ga su da zaɓi: TVU na Amurka ne, Dejero na Kanada, Aviwest kuwa na Faransa ne kafin kamfanin Haivision ya saye shi a 2022.

Na'urar kanta ƙarama ce, nauyinta wajen kilo ɗaya, tana da ɗan allo da maɓallin murɗawa. Ana saka ta a jakar rataye ko a maƙala ta a bayan kyamara. Tana karɓar hoto ta waya iri biyu, SDI da HDMI. Tana iya haɗa hanyoyin intanet har shida a lokaci guda: modem (abin da ake saka wa layin waya ya kama intanet) biyu na ciki, biyu na waje, sai Wi-Fi, sai wayar intanet ta LAN. Tana matse hoton da tsarin HEVC, wanda ke bayar da kyan hoto irin na tsohon tsarin H.264 da data kusan rabi, kuma tana iya turawa har megabit 30 a sakan. Batirin cikinta yana kai kimanin awa uku.

Yadda take aiki shi ne abin da ya kamata kowane injiniyan tasha ya fahimta, domin daga nan ake gane dalilin kowace matsala. Na'urar tana yayyanka hoton zuwa ƙananan ƙunshi, ta rarraba su a kan layukan gwargwadon ƙarfin kowanne a wannan sakan ɗin. Layin da ke da gudu ya ɗauki kaya mai yawa, mai rauni ya ɗauki kaɗan. A tasha akwai na'urar karɓa, LU2000 ko LU4000, ko kuma wadda kamfanin ke haya a intanet, ita ce ke tattara ƙunshin ta jera su bi da bi, ta nemi a sake turo wanda ya ɓace a hanya, ta fitar da hoto guda. Idan layuka suka raunana gaba ɗaya, sai jakar ta rage nauyin hoton da kanta, ya ɗan dusashe maimakon ya yanke. Kamfanin yana kiran wannan tsari LRT. A wannan ɓangaren kam na'urar ta yi. Layi ɗaya zai iya mutuwa murus ana tsakiyar rahoto, mai kallo a gida bai ma lura ba. Wanda ya taɓa ganin yadda hoton Facebook kai-tsaye daga waya ɗaya ke tsayawa cak da zarar an kira mai wayar, zai san darajar wannan.

Sai dai abu na farko da ɗan kasuwa ba ya gaggawar faɗa: jakar ita kaɗai rabin kaya ce. Ba za ta yi magana da kowace na'ura ba sai ta gidansu. Dole a tanadi na'urar karɓa, a ba ta intanet mai ƙarfi kuma tsayayye a tasha, da adireshin IP na dindindin, a buɗe mata ƙofofin shigar data na UDP da kamfanin ya lissafa a na'urar tsaron intanet ta ofis. Idan jakunkuna uku za su shigo lokaci guda kowacce da megabit 5, layin tasha yana buƙatar ya sauke fiye da megabit 15 ba tare da ma'aikatan ofis suna ja daga gare shi ba. Sau da yawa ana ɗora wa wakili da ke fili laifin rashin sabis, alhali matsalar tana cikin tasha, inda wani ke sauke bidiyo a kan layin da hoton ke shigowa. Maganin shi ne a ware wa na'urar karɓa layinta, a kuma sa ta a kan wutar da ba ta ɗaukewa lokacin da ake canjawa daga wutar gari zuwa janareta. Wannan ɗan sakan goma na canjin wuta ya isa ya kashe ta, kuma kafin ta sake tashi an yi asarar mintuna.

Jinkiri shi ne saitin da aka fi yin kuskure a kansa. Jakar tana ba ka damar zaɓar tsawon lokacin da hoto zai ɗauka kafin ya fito a tasha, daga wajen sakan ɗaya zuwa sakan masu yawa. Wannan lokacin shi ne rumbun da na'urar karɓa ke jira a ciki har ƙunshin da ya makara ya iso. Jinkiri gajere yana sa hira ta yi daɗi, amma da zarar sabis ya yi tangal-tangal hoto zai farfashe, domin babu lokacin jiran wanda ya ɓace. Jinkiri mai tsawo yana ba da hoto mai santsi, amma mai gabatarwa zai yi tambaya, wakili ya tsaya yana gyaɗa kai sakan huɗu kafin a ji amsarsa. Ga yadda ya fi dacewa a raba: idan tambaya da amsa za a yi tsakanin ɗakin watsa labarai da fili, a tsaya tsakanin sakan 1.5 da 2 in sabis na da kyau. Idan jawabi ne ake ɗauka, ko taron gangami, ko hawan Sallah, inda babu mai jiran amsa, a kai shi sakan 5 har 10, babu abin da aka rasa. Kuma a yanke wannan shawara kafin a hau iska, domin canja jinkiri ana cikin watsawa yakan katse hoton na ɗan lokaci.

Akwai wani ruɗu da ke tattare da wannan. Wasu furodusoshi suna ɗauka cewa jinkirin jakar yana ba su damar tace abin da bai kamata a nuna ba, kamar gawa ko wanda ya ji mummunan rauni. Ba haka ba ne. Darakta ba ya ganin hoton sai ya iso, kuma da ya iso ya fita. Wanda ke son wannan kariya sai ya ƙara wani jinkirin daban a cikin tasha, bayan na'urar karɓa, ya zaunar da edita da yatsa a kan maɓalli. A labarin hari ko haɗari ko tarzoma, ina ganin tashar da ba ta yi wannan ba ta yi wasa da mutuncin mutanen da ke cikin hoton, domin uwa na iya ganin ɗanta a allo kafin kowa ya je mata da labari.

Sai batun data, wanda lissafinsa ba shi da wuya amma ake yawan tafka kuskure a kansa. Megabit 1 a sakan yana cin kimanin megabait 450 a awa. Hoto mai kyau na wakili a tsaye yana magana, da tsarin HEVC, megabit 3 zuwa 5 ya ishe shi. A kan 5, awa ɗaya tana cin gigabait 2.25, idan aka haɗa da abin da ake sake turowa da ƙarin kariya sai a ƙiyasta kusan 3. Aikin awa goma ke nan gigabait 30. Kuskuren shi ne a raba wannan gida huɗu a zuba wa kowane layi gigabait 8. Jakar ba ta rabo daidai. Layin da ya fi ƙarfi a wurin shi zai ɗauki mafi yawan kayan, datarsa ta ƙare da azahar, a bar ka da raunanan layuka uku daidai lokacin da labari ya kankama. Kowane layi a zuba masa abin da zai iya ɗaukar fiye da rabin aikin shi kaɗai. Sannan a rage iyakar gudun da hannu. Idan aka bar ta a sake, jakar za ta sha duk abin da sabis ya ba ta, ta tura megabit 15 a kan hoton mutum ɗaya da ke tsaye jikin bango, ba tare da mai kallo ya ga wani bambanci ba.

Layukan kansu su ne suka fi kunyata mutane, kuma ba laifin jakar ba ne. Layin da aka ajiye a aljihun tebur wata da watanni ba a taɓa shi ba, kamfanin waya na iya rufe shi. A Najeriya layin da ba a haɗa da lambar NIN ba ba ya aiki. Layin da ke da lambar sirri ta PIN ba zai tashi a cikin modem ba sai an cire ta a waya tukuna. Garaɓasar data ta dare ko ta shafukan sada zumunta kaɗai ba ta da amfani a nan. Wani lokaci kuma sai an rubuta saitin APN, wato saitin da layi ke shiga intanet da shi, da hannu. Duk waɗannan ana gano su ne a gwajin jajibiri, ba da safiyar ranar ba. Sannan kada a cika ramukan saka layi duka da layukan kamfani ɗaya don an ce shi ya fi ƙarfi a gari. Amfanin jakar gaba ɗaya yana cikin bambancin hanyoyi: MTN, Airtel da Glo a Najeriya, ko Airtel, Moov da Zamani a Nijar, kowanne a samu nasa.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Bambancin kamfani ba kullum yake nufin bambancin hanya ba. A wurare da yawa kamfanonin waya suna haya ne a kan ƙarfen sabis ɗaya, janareta ɗaya ke ba su wuta. Idan man janaretan ya ƙare ko ambaliya ta shanye shi, layuka huɗun za su mutu tare. Haka kuma a can tushen intanet ɗin: ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kamfanoni daban-daban sun raunana lokaci guda domin mashayarsu ɗaya. Mafi muni shi ne idan hukuma ce ta rufe. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali jakar da ta dogara da layin waya ba ta fi dutse a baya ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne a aikin. Ranar 28 ga Janairun 2011 gwamnatin Masar ta yanke intanet da layukan salula, kwana biyu bayan haka ta soke lasisin ofishin Al Jazeera a Alƙahira. Duk da haka hoton Dandalin Tahrir bai daina fita duniya ba, kuma sashen Ingilishi na tashar ya samu kyautar Peabody a kan rahotannin juyin juya halin ƙasashen Larabawa na wannan shekara, RTS kuma ta zaɓe shi tashar labarai ta shekara a 2012. Abin lura ga mai sayen kaya shi ne, labarin da ya fi girma, wanda ake tuna tasha da shi, sau da yawa shi ne wanda ke zuwa tare da mutuwar sabis. Wanda ya sayi jaka ya sayar da duk wata hanyar tauraron ɗan'adam da yake da ita, an gudu ba a tsira ba.

Abin da ya ceci LU300S a nan shi ne ramin LAN da Wi-Fi. Tana karɓar Starlink a matsayin layi na biyar, ta haɗa shi da sauran. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma ƙaramin faifansa, Starlink Mini, nauyinsa ya ɗan wuce kilo ɗaya, wutar da yake ci tsakanin wat 25 da 40 ce, ana iya tayar da shi da babban batir. Shi kaɗai ba abin dogaro ba ne ga hoto kai-tsaye, domin yana sauya tauraro duk bayan 'yan sakanni, gudun turawarsa yana hawa da sauka, yana son sarari a buɗe ba bishiya ba bene, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana raunana shi. Amma idan aka haɗa shi da layin waya ko da biyu ne, kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa, sai a samu hoto tsayayye. A haɗa shi da waya ta LAN inda hali ya yi. Wi-Fi a cikin taron dubban mutane, kowa da wayarsa, ba ya da tabbas. Jakar tana kuma da saitin da ke sa ta fara shan layi mafi araha, ta taɓa mai tsada sai in ta matsu, wanda ke da amfani sosai ga wanda ke riƙe da tsohuwar na'urar intanet ta tauraron ɗan'adam BGAN, mai tsadar gaske wadda gudunta bai kai megabit ɗaya ba.

Cinkoso wata matsala ce daban da rashin sabis, kuma tana yaudara. Waya za ta nuna sandunan sabis cike, amma hoto ya ƙi tafiya. Dalili shi ne kamfanonin waya sun fi ba saukewa faɗi a kan turawa, kuma a filin taro kowa turawa yake yi. Gwajin da aka yi da ƙarfe bakwai na safe fili babu kowa ba ya gaya maka komai game da ƙarfe goma sha ɗaya. Abin da ke taimakawa: a ɗaga jakar sama da kawunan mutane, domin jikin ɗan'adam yana shanye sigina. A matsa gefen taron, ɓangaren da ke fuskantar wani ƙarfen sabis na daban. A sa layin 5G idan akwai shi a wurin, domin masu amfani da shi ba su kai na 4G yawa ba. A rage hoton zuwa megabit 2 a ƙara jinkiri tun kafin ya fara farfashewa. Idan kuma babban mutum ya iso da ayarin da ke ɗauke da na'urar toshe sigina, babu dabara sai waya ko tauraron ɗan'adam. A aikin da ke cin kwanaki a cikin gini ɗaya, irin tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Abuja, wanda aka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu aka bayyana wanda ya ci da asubahin 1 ga Maris, abin da ya dace shi ne a nemi wayar intanet ta ginin da soket na wuta tun ranar farko, a bar layukan waya su zama madogara ta biyu.

Zafi. Irin waɗannan na'urori an ƙera su ne su yi aiki zuwa wajen digiri 45, kuma a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas a watan Afrilu iskar inuwa ma tana haura 40. Baƙar jaka a rana, a bayan mutum mai gumi, cikinta ya wuce haka nesa. Modem idan ya yi zafi yakan rage gudu da kansa ko ya mutu, sai a ɗauka sabis ne. A buɗe ramukan iskar jakar, kada a cusa mata kwalbar ruwa da wayoyi a inda fanka ke shaƙa, a yi mata inuwa ko da da lema ce, kada kuma a bar ta a cikin mota a rufe. Lokacin hunturu ƙura ce ke toshe fankar, sai a riƙa hure ta duk mako. A nan ina ganin jakar rataye da ke zuwa da ita an fi yin ta don ƙasashe masu sanyi, kuma maƙala na'urar a bayan kyamara, inda iska ke dukanta, ya fi mata lafiya a yankinmu.

Awa ukun batirin ma na sabon batir ne a yanayi mai sauƙi. Inda sabis ke da rauni modem yana ƙara ƙarfi don ya kai ga ƙarfen, batir ya fi saurin ƙarewa. A riƙe batirin waje irin na kyamara guda biyu aƙalla. Wanda zai hau jirgin sama ya zaɓi waɗanda ba su kai awa-wat 100 ba, shi ya sa masu 98 suka yi yawa a kasuwa: su ake bari a shiga da su cikin jirgi ba tare da neman izini ba, kuma ba a yarda a saka batirin ajiya a akwatin da za a auna ba.

Na bar sauti zuwa nan ne da gangan, domin shi ne abin da zan fi auna kowace tasha da shi. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, ba ya haƙuri da murya mai yankewa. A Janairun 1991, daren da aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza, Bernard Shaw da Peter Arnett da John Holliman na CNN sun riƙe duniya daga ɗakin otel ɗin Al-Rashid da murya zalla, babu hoto kai-tsaye, kuma har yau ana ambaton wannan dare. LU300S tana ba sauti fifiko idan hanya ta ƙuntata, hoto ya dusashe murya ta ci gaba, kuma wannan zaɓi ne na masu sanin aiki. Amma ba ta gyara abin da aka ba ta a lalace. Makirufon da ke jikin kyamara ba ya aiki a cikin hayaniya, sai na hannu, kusa da baki, da soso a kansa saboda iska. Mai ɗaukar hoto ya sa abin ji a kunne ya saurara da kansa, kada ya dogara da sandunan da ke rawa a allo.

Jakar tana da hanyar mayar da muryar tasha zuwa kunnen wakili, kuma tana aiki da kyau idan an haɗa ta daidai. Kuskuren da ake maimaitawa shi ne a tura wa wakili duk sautin shirin har da muryarsa. Sai ya riƙa jin kansa bayan sakan biyu, harshensa ya harɗe, ya fizge abin daga kunne a gaban jama'a. Injiniyan sauti ya haɗa masa sautin shiri da aka cire muryarsa daga ciki. Kuma a riƙe kiran waya na daban tsakanin furodusa da mai ɗaukar hoto, a kan layin da ba ya cikin jakar, domin ranar da jakar ta yi shiru ta nan kaɗai za a san abin da ke faruwa, ta nan kuma wakili zai ci gaba da rahoto da murya.

Ƙananan abubuwa biyu game da waya da saiti. SDI tana da kai mai murɗawa ya kulle, HDMI kuwa turawa kawai ake yi, mutum ɗaya ya goge ka a cikin turmutsitsi ta fita. In kyamara tana da SDI a yi amfani da ita, in babu a ɗaure HDMI da salatif a riƙe ta ajiya. Sannan kyamara da jaka da tasha su daidaita a kan tsari ɗaya. Ƙasashenmu suna kan wutar lantarki mai bugu 50 a sakan, don haka a zaɓi saitin hoto na 1080i50 ko hoto 25 a sakan. Kyamarar da aka sayo daga Amurka aka bar ta a kan 60 za ta sa fitilun ɗakin taro su riƙa ƙyaftawa a hoto, motsi ya riƙa tsalle.

Akwai kuma damar aika rahoton da aka riga aka ɗauka, a tura fayil ɗin ta layukan a haɗe yayin da ake kan hanya, da damar mayar da jakar ta zama intanet ga kwamfutar wakili. Duka biyun suna aiki, babu abin ƙarawa.

Kuɗinta dubban daloli ne, ban da na'urar karɓa da lasisi da kuɗin kulawa na shekara, kuma wasu abubuwan, kamar hoton 4K, lasisinsu daban ake saye. Tashar da ke fita kai-tsaye sau uku ko huɗu a mako, kwalliya za ta biya mata kuɗin sabulu. Wadda ba ta buƙata sai lokacin zaɓe da Sallah da aikin Hajji, haya ta fi mata. Mai watsa labarai a YouTube ko Facebook wanda ba shi da ɗakin sarrafa shirye-shirye, LU300S ta yi masa yawa: ƙaramarta LiveU Solo tana turawa kai-tsaye zuwa waɗannan shafuka, sai dai haɗa layukan nata yana buƙatar biyan kuɗin wata-wata. Akwai kuma manhajar LU-Smart da ke haɗa layin waya da Wi-Fi a cikin wayar hannu, wadda ta dace a saka wa kowane wakili na jiha, domin wanda ya fi kusa da labari shi ke fara kawo shi, ba wanda ya fi kayan aiki ba.

A yi hattara da ta hannu, musamman wadda aka sayo daga Amurka a intanet. Modem ɗin cikinta na iya zama na zangon sadarwar can, alhali 4G a Najeriya yana kan zango irin su 3 da 7 da 20 da 28, 5G kuma a kan n78. Za ta tashi lafiya, ta nuna layi, amma ta kasa kama 4G. Tana kuma iya kasancewa a rajistar tsohon mai ita a shafin LiveU Central, inda ake sarrafa jakunkunan, kuma sai an sake ta daga can kafin ta yi magana da na'urarka. Kafin a biya ko sisi, a nemi mai sayarwa ya kawo ta, a saka mata layukan da za a yi aiki da su, a fita da ita bakin babbar kasuwa da tsakar rana, a yi awa ɗaya cur ana turawa zuwa tasha, injiniya na zaune gaban allo yana kallon gudun kowane layi. A tsakiyar gwajin a zare modem ɗaya na waje, a ga ko hoton ya motsa.